Bindigar Iska: Makamin da Masu Gyaran Risho Suka Raya a Kudancin Kano

Kowace bindiga da ta shigo ƙasar Kano ta samu uban gida. Ta toka tana da 'yan bindigar sarki masu girgiza Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, tana da maharba masu kirari da layu, tana da maƙeran da suka gaji ƙirarta daga iyaye. Ta soja tana da bariki da ma'ajiya da littafin da ake rubuta lambarta. Bindigar iska ita kaɗai ce ba ta samu kowa ba. Ba ta da sarauta, ba ta da maroƙi, babu layin kasuwa da aka taɓa kira da sunanta. Duk da haka, wanda ya tashi a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ko Unguwa Uku daga shekarun 1960 zuwa na 1980 ya san ƙararta, ya kuma san yadda kurciyoyi ke watsewa daga kan ɗorawa idan ta yi magana.

A wannan yanki na tashi, a nan kuma na tsufa. Abin da nake son tunawa a wannan rubutu shi ne mutanen da suka riƙe wannan bindiga da rai bayan ta yi nisa da masana'antar da ta ƙera ta. Masu gyaran risho ne da masu gyaran keke da dukawa, kuma sana'arsu ta kusa ƙarewa ba tare da an rubuta ta ba.

Kafin iska akwai albarushi

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya nuna cewa a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743) aka shigo da bindigogi daga ƙasar Nufe, kuma Sarki Babba Zaki (1768 zuwa 1776) shi ne ya fara kafa rundunar 'yan bindiga masu tsaron sarki. Barno ta riga mu, domin tun ƙarshen ƙarni na 16 Mai Idris Alauma yake da Turkawa masu harbi a rundunarsa. Amma ko a tsakiyar ƙarni na 19 bindiga ba ta zama kayan talaka a Kano ba. Da Heinrich Barth ya sauka birnin a 1851, ya tarar takubba sun cika kasuwa, bindigogi kuwa kaɗan ne, sai wasu masu araha da suka fara shigowa ta hanyar Nufe. Doki da sulke da lifidi su ne darajar mayaƙi. Bindiga a hannun bayin sarki take, domin sarakuna sun fi amincewa da su a kan makamin da zai iya kayar da barde daga nesa.

Ƙarshen ƙarnin ne ya sauya lissafi. A Damagaram, Sarki Tanimu ya tara bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi ana zuba igwa a cikin garin Zinder. A Kano, Yaƙin Basasa da ya ɓarke a 1893 tsakanin Tukurawa da Yusufawa ya nuna amfanin 'yan bindiga, kuma wanda ya fito da nasara, Sarki Alu (1894 zuwa 1903), Mai Sango ake yi masa laƙabi saboda riƙonsa da bindiga. Sai dai tun a 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Brussels wadda ta hana sayar wa mafi yawan mutanen Afirka bindigogin zamani, ta bar musu tsofaffi masu ƙyastu da ake ɗurawa ta baki. An ga sakamakon ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin da Kanar Morland ya tunkari ganuwar Kano da igwa da bindiga mai sarrafa kanta ƙirar Maxim.

Daga nan bindigar toka ta bar fagen fama ta koma daji da filin hawa. Maƙeran baƙi, waɗanda asalin sana'arsu a Kano ke komawa har ga Abagayawan da suka zo neman tama a dutsen Dala, suka ƙware wajen ƙera ta da gyara ta. Aikinsu na wuta ne da zugazugi da masaba da uwar maƙera. Wannan ne ya sa da bindigar iska ta zo, maƙera ta kasa karɓarta. Ciwonta na yoyon iska ne, kuma ba a toshe yoyon iska da masaba.

Inda ta fito

Harbi da matsattsiyar iska tsohon abu ne a Turai. Wajen 1779 wani maƙeri daga yankin Tirol mai suna Girardoni ya ƙera bindigar iska wadda sojojin Ostiriya suka riƙe daga 1780 har zuwa wajen 1815. Tulun iskarta a gindinta yake, sai an buga famfo kusan sau 1,500 kafin ya cika, sannan ya ba da harbi wajen talatin ba hayaƙi ba walƙiya. Irinta Lewis da Clark suka ɗauka a tafiyarsu ta ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806. Sojoji sun ajiye ta ne saboda wahalar famfo da raunin tulun da kuma fatun da ke toshe iskar, waɗanda ke bushewa idan an yi sakaci da mai.

Amurkawa ne suka mayar da ita kayan gida. Kamfanin Benjamin ya kafu a St. Louis a farkon ƙarni na 20. Crosman ya fara fitar da bindigarsa mai famfo a Rochester ta jihar New York a farkon shekarun 1920. Sheridan ya tashi a Racine ta jihar Wisconsin bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya fitar da Super Grade a 1947, Silver Streak a 1949, sannan Blue Streak a 1952. Benjamin ya sayi Sheridan a 1977, shi kuma Crosman ya haɗiye su duka a 1992. A Ingila da Jamus wata hanya aka bi. BSA na Birmingham, garin da ya daɗe yana ƙera wa Afirka bindigogin fatauci, da Diana na Rastatt sun fi ba da ƙarfi ga mai sifirin, wadda ake karya bututunta a ɗana.

Bambancin biyun shi ne tushen labarin. Mai sifirin karya ɗaya ake yi mata, ƙarfinta kullum ɗaya, kuma tana zabura a kafaɗa idan an harba. Mai famfo kuwa a ƙarƙashin bututunta akwai wani bututun mai faɗi. Katakon da hannun hagu ke riƙewa shi ne hannun famfo. Idan aka buɗe shi aka rufe, sai ya tura wata sanda mai ƙoƙon fata ko roba a baki, ƙoƙon ya matse iska ya cusa ta cikin wani ɗan ɗaki ta bawul ɗin da ke barin shiga ya hana fita. Kowane bugu ƙari ne a kan na baya. Da an ja kunama sai wata 'yar guduma ta daki bawul na biyu, iskar ta kuɓuce ta bayan harsashi. Bugu uku ya isa harbin gwangwani a tsakar gida, takwas kuma shi ne iyakar da Benjamin da Sheridan suka gindaya, inda harsashi ke fita da gudun kusan mita 200 a sakan ɗaya. Ba ta zabura, shi ya sa ma'abotanta suke cewa ta fi saiti.

Gonakin da suka zama unguwanni

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka biyo shi, kayan Ingila suka cika gari. Saboda haka galibin bindigogin iskar da na gani a hannun mutane ina yaro masu sifirin ne, BSA da Diana, daga baya kuma 'yan Sin masu araha. Mai famfo ba ta da yawa. Takan shigo ne cikin akwatin mutum: malamin makaranta Ba'amurke, ma'aikacin aikin gona, ko ɗalibinmu da ya dawo daga karatu. Idan baƙo zai koma gida yakan sayar da kayansa, rediyo da keke da firji, wani lokaci har da bindiga.

Yaran yau da suka buɗe ido suka ga gadar Dangi da cunkoson tashar Unguwa Uku da kasuwar waya ta Farm Centre zai yi musu wuya su yarda cewa wurin nan karkara ne. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, idan ka baro Gyaɗi-Gyaɗi ka miƙi titin Zariya, gonakin dawa da gero da gyaɗa ne dama da hagu, da kukoki da ɗorawa da tsamiya da kududdufai. Ƙauyen Alu da Darmanawa da Daurawa garuruwa ne masu rumbuna da turken awaki. A zamanin Gwamna Audu Bako aka buɗe gidan zu, aka fara shimfiɗa rukunonin gidaje, daga baya Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, ya zauna a bakin titin. A ƙidayar 2006 Ƙaramar Hukumar Tarauni, mai hedikwata a Unguwa Uku, ta haura mutum dubu 220 a kan fili mai faɗin murabba'in kilomita 28.

Wannan fili na tsakanin birni da daji shi ne gidan bindigar iska. Maharbin gaske ya raina ta, domin ba ta kayar da gada balle mugun dawa. 'Yan farautar rani masu karnuka da gora da barandami su ma ba ruwansu da ita. Masu ita ma'aikata ne: akawu, malamin firamare, direban gwamnati, tsohon soja. Ranar Lahadi da sassafe ko bayan la'asar sai mutum ya rataya ta ya hau kekensa Raleigh ya nufi wajen Na'ibawa ko Hotoro, mai nisan zango ya kai bakin kogin Challawa ta Tamburawa. Kurciya da hasbiya ake nema, wanda ya yi sa'a ya samu fakara. Masu lambu kuma da ita suke korar ɓeraye da jemagun da ke ɓata mangwaro. Kowa da 'yar wuƙa a aljihu, domin a yanka tsuntsu kafin ransa ya fita. Malamanmu na zaure sukan ja kunnen yara da hadisan da suka hana mayar da mai rai abin gwada saiti, da wanda ya hana jifa da tsakuwa saboda tana fasa ido tana karya haƙori. Yaron da aka kama yana harbin ƙadangare don nishaɗi ya san bulala na jiransa.

Ta kawuna da mai gyaranta

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ma'aikacin gona ne. A hannun wani Ba'amurke da ya gama aikinsa zai koma gida ya sayi tasa. Benjamin ce mai cin harsashin milimita 5.5, bututunta da na famfonta duk tagulla ne da aka liƙe da dalma, shi ya sa damina ba ta sa ta tsatsa. Baƙin shafe ne a jikinta, a ƙarƙashinsa akwai fari, a ƙarƙashin farin kuma tagullar, duk inda hannu ya yawaita taɓawa sai launukan uku su bayyana a jere. Ni ne mai ɗaukar jaka da gwangwanin harsashi. Sai da na yi shekaru ina wannan hidima kafin ya yarda na sa yatsa a kunama, kuma darasin farko shi ne kada bakinta ya kalli mutum ko da na rantse babu komai a ciki.

Da ta fara sanyi, a buga takwas ta fita kamar an buga uku, bai kai ta maƙera ba. Wajen wani dattijo ya kai ta, mai zama a gindin darbejiya kusa da kasuwar Tarauni, wanda kowa ke kira Baba mai risho. Hikimar a fili take. Risho mai famfo irin na Primus, wanda aka fara ƙerawa a Suwidin a 1892, da fitila mai famfo irin Tilley da Petromax da masu shayi da masu tsire ke kunnawa, da famfon keke, dukkansu da ƙoƙon fata da bawul mai hana iska komawa suke aiki. Wanda ya shekara talatin yana farfaɗo da waɗannan ya riga ya san cikin bindigar iska tun kafin ya buɗe ta.

Baba ya buga mata biyu, ya kara kunne a bakinta, sannan ya shafa kumfar sabulu a inda ake sa harsashi.

"Malam, da me kake ba ta mai?"

"Man gyaɗa ne, Baba. Shi na ga ana sa wa famfon keke."

"To shi ya cuce ka. Man gyaɗa na tuya ne, idan ya kwana a ƙarfe danƙo yake zama. Kai yaro, miƙo min ƙirgin can."

Ya zare sandar famfo, ya nuna mana ƙoƙon ya ƙanƙance ya tsage. Ya ɗora kwabo a kan ƙirgin da ya sayo wajen dukawa, ya zagaye shi da aska, ya fishe gefen har ya yi siriri, ya huda tsakiya. Sai ya jiƙa fatar da mai, ya danna ta da guntun katako cikin wani ɗan bututun ƙarfe da ya yi daidai da faɗin famfon, ya ce a dawo gobe bayan azahar. Da ta kwana ta ɗauki siffar ƙoƙo. Bawul ɗin ciki ya fi wahala, domin yana can ƙuryar bututu, sai da wani mabuɗi da ya sa maƙeri ya ƙera masa daga tsohuwar sandar ƙarfe. Ya wanke shi da kananzir, ya yanka sabuwar roba ya maye tsohuwar. Gwajinsa gwangwanin madara ne a jikin katanga: idan harsashi ya huda gaba da baya, aiki ya yi.

Dokokinsa uku ne, kuma da na girma na tarar su ne masu kamfanin suke rubutawa a takardar da ke zuwa da bindigar. A ɗiga baƙin mai mai tsabta kaɗan a kan ƙoƙo da gaɓoɓin hannun famfo. Kada a wuce bugu takwas, domin idan iska ta yi yawa gudumar ba ta iya buɗe bawul sosai, sai ƙarfi ya ragu kuma gaɓoɓi su saki. Idan za a ajiye ta, a bar bugu ɗaya ko biyu a ciki ba tare da harsashi ba, don bawul ya zauna a rufe, ƙurar hunturu ta rasa hanyar shiga.

Sauran gyare-gyaren a hannun wasu suke. Idan ƙota ta karye, kafinta ko masassaƙi ya fitar da sabuwa daga maɗaci. Idan tsagewa ce, a ɗaure da wayar jan ƙarfe, baduku ya lulluɓe wurin da jar fata ya yi mata maratayi mai tuntu. Idan liƙin da ke tsakanin bututu biyu ya saki, wanda shi ne ciwon da aka fi tsoro, sai a nemi mai gyaran lagireto ko maƙerin fari, domin su suka san zafin da dalma ke so. Harsashi ma matsala ne. Na milimita 4.5 da 5.5 ana samu a kanti, amma Sheridan milimita 5 take ci, awon da kamfanin ya keɓanta da shi. Wani maƙwabcin kawuna yana da ita, ta fi tamu kyau da ƙarfi, amma ta fi daɗewa a rataye, sai ya roƙi mai tafiya waje ya riƙo masa gwangwani ɗaya.

Yadda wasu suka ɗauke ta

A Amurka da Ingila waɗannan tsofaffin bindigogi sun zama abin tarawa. Akwai littafin Blue Book of Airguns mai jera ire-irensu da kimarsu, ana gane shekarar ƙira daga lambar jiki, ana sayar da ƙunshin robobin gyara na samfurin da aka daina yi tun shekara hamsin. Ma'abotan sun rabu gida biyu. Wasu na ganin a sauya abin da ya ruɓe a ciki kawai, a bar jiki da tabonsa, har sukan fi daraja wadda ta riƙe ragowar baƙin shafenta a kan wadda aka goge. Da sun ga yadda muke dirje tagulla da toka da lemon tsami sai ta yi ƙyalli, da sun dafe kai. Wasu kuma masu sauyi ne: su ƙarfafa bawul da gaɓoɓi, su ɗora madubin saiti, su sake ƙota. Tim McMurray na Mac1 a Kalifoniya ya yi suna da irin wannan aiki a kan Benjamin da Sheridan, ƙaramar Crosman 1377 ta hannu kuwa, wadda ta fito a 1977, kusan babu sashenta da ba a yi wa madadi ba.

A Indunusiya abin ya wuce gyara. Garin Cipacing da ke kusa da Bandung ya shahara da ƙera bindigogin iska masu famfo a ƙananan maƙeru na gida, suna kwaikwayon ƙirar Benjamin da Sharp ta Japan, sana'ar tana ciyar da iyalai masu yawa. Mu ma muna da fata da tagulla da masu hannu, amma tamu ta tsaya a gindin bishiya.

Abin da ya kashe kasuwar

Filin ne ya fara tafiya. Gona ta zama fuloti, aka sare ɗorawa aka kafa bulo, duk inda ka saita akwai tagar wani a bayan tsuntsun. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya naira, harsashi da kayan gyara na waje suka yi tsada, mai sha'awa ya koma kan 'yar Sin mai sifirin wadda idan ta lalace jefarwa ake yi. Sannan sana'o'in da bindigar ta jingina da su suka ja baya. Risho mai lagwani ya kori mai famfo, gas ya zo ya kori duka biyun, fitila mai caji ta kashe Tilley, babur ya rage keke. Da ƙoƙon fata ya rasa masu nema, masu yanka shi suka tsufa ba magaji.

Tsaro ne ya rufe ƙofar. Ranar Juma'a 20 ga Janairu, 2012, hare-haren Boko Haram a kan ofisoshin 'yan sanda da na shige da fice a Kano, har da na Farm Centre a nan Tarauni, sun ci rayuka aƙalla 185. Shingaye suka cika titin Zariya, aka shiga bincike gida-gida. Daga ranar babu mai hankalin da zai rataya wani abu mai siffar bindiga ya hau titi yana shirin yi wa soja bayanin cewa iska ce a ciki. Na san gidajen da aka jefa tasu a masai ko tsohuwar rijiya, wasu suka sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo saboda tagullar. Kisan da aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025, suna hanyar dawowa Kano da bindigogin toka a mota, ya ƙara nuna yadda ake kallon makamin farauta a yau.

Ita ma doka ba ta ɗauki bindigar iska abin wasan yara ba. Dokar Makamai ta 1959 ta sa ta, doguwa da ta hannu, a rukuni ɗaya da bindigar harbin tsuntsaye mai harsashi, wato sai da lasisi daga Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma sana'ar gyaranta ma sai da izini. A da mutane da yawa ba su san haka ba, hukuma kuma ba ta matsa ba. Yanzu zamani ya sauya, rashin sani ba ya fitar da mutum.

Ba na kiran a mayar da yara harbin kurciya. Tsuntsayen sun yi ƙaranci, unguwannin sun cika, harsashin dalma kuma yana tsiyayar da ido, yana iya kisa. Abin da nake cewa shi ne tsohuwar Benjamin mai ƙoƙon ƙirgin Kano da ƙotar maɗaci da ɗaurin baduku ta tashi daga kayan Amurka zalla, ta zama shaidar aikin hannun mutanenmu, kuma a wurina ta fi wadda ta fito daga kwali daraja. Wanda ya gaji irinta kada ya kankare gyaran da aka yi mata, kada ya bar ta inda yara za su kai hannu, kada kuma ya saka ta a buhu ya hau A Daidaita Sahu. Ya fara zuwa shi kaɗai ya nemi bayanin lasisi a wajen 'yan sanda, idan kuma riƙon ya fi ƙarfinsa ya tuntuɓi gidan tarihi na Gidan Makama ko Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero kuma su ɗauki rakoda su shiga Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku su nemi ragowar masu gyaran risho da fitila da keke, su tambaye su yadda ake yanka ƙoƙo da yadda ake gane yoyo da kunne, tun suna da ƙarfin ba da amsa.